Shekarar da Rabe Bai Cire Turaku Ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ɗantutture da rani a shekarun baya ya san gonar Rabe Mai Usur, ko da bai san gona ba ce. Tana nan bakin gari daga gabas, a shimfiɗe, ba tudu ba kwari, da turakun itacen turare biyu-biyu a kowane ƙarshe. Baƙo zai ɗauka filin ƙwallon makaranta ne. Ba na makaranta ba ne, ba kuma na hukuma ba. Gadon Rabe ne daga mahaifinsa, kuma da ita yake ci da gidansa.

Ƙa'idar wurin ɗaya ce, ko akuyar garin ta san ta. In an yi girbi an kwashe kara, samari su fito da fartanya su baje ƙasa, a kafa turaku, a yi ta buga ƙwallo har ƙarshen bazara. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, ko ana tsakiyar wasa ne, Rabe zai hura usur, a cire turaku a jingine su bayan rumbu, washegari shanun huɗa su shiga. Shekara ashirin da biyu ana haka, ba a taɓa saɓawa ba.

Rabe bai tashi da ƙwallo ba. Yana saurayi ya tafi Kaduna aikin masaƙa, can ya fara ganin ana buga ta da takalmi da alƙalin wasa, ta shiga ransa ta zauna. Shekara shida yana tsaron baya a ƙungiyar ma'aikata, har ranar da wani ƙato ya sauka a kan gwiwarsa ta hagu. Tun daga nan yake jan ƙafa. Da masaƙa ta rufe, abokan aikinsa wasu sun koma gida da keken ɗinki, wasu da babur. Shi ya dawo da rediyo da wani usur na ƙarfe mai igiya ja. Matarsa Batula ta zazzage jakar, ta sake zazzagewa, ta ɗago ta ce, "Malam, sauran kayan na mota ne?" Babu sauran kaya.

Da wannan usur ya tara samarin garin, har aka daina kiran ƙungiyar da sunan da ya raɗa mata, kowa sai dai ya ce yaran Rabe. Shi ne koci, shi ne mai ɗinke ƙwallo in ta fashe, shi ne mai kai wanda ya gurɗe wurin mai ɗori, shi ne kuma mai zuwa zaure ya durƙusa ya ba uban yaro haƙuri. Layin filin da toka yake zana shi. Gida-gida yake aikawa a tara masa tokar murhu, ya tankaɗe ta da rariya kamar mai shirin tuwo, ya zuba a gwangwani mai huji ya bi igiya a hankali. Mata sun yi masa dariya har sun gaji, daga baya su da kansu suke ajiye masa.

Mutum biyu ne ya fi amince wa a harkar nan. Na farko Malam Ja'afar, abokinsa tun na ƙuruciya, malamin makaranta a Kurfi, mai son takarda da biro da kalmar "bisa tsari". Na biyu Kamilu, ɗan ƙanwarsa, wanda ubansa ya rasu yana goye, ya tashi a gidan Rabe, ya ci tuwon gonar nan har ya zama magidanci mai acaɓa tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Takalmin ƙwallonsa na farko Rabe ne ya sayar da tunkiya ya saya masa. Yanzu shi ne kyaftin.

A faɗi gaskiya, yaran Rabe ba su taɓa cin komai ba. Ko kofin roba. Sun iya gudu, suna da zuciya, amma duk gasar da suka shiga a zagayen farko ake sallamo su. Abin da ya fi cin ran Rabe ma ba wannan ba ne. A duk shekarun nan ba wata ƙungiya ta kirki da ta taɓa tako ƙafa ta buga wasan gasa a filinsa. Kullum su ne masu zuwa. In ya ce a zo, sai a ce ƙauye ne, hanya ba kyau, wai ƙwallo za ta faɗa rijiya.

Sai ga shekarar 2022. Wata ƙungiyar matasa ta shirya gasar ƙungiyoyi goma sha shida na yankin, aka yi wasannin share fage, gurbi goma sha biyar ya cika. Saura ɗaya. Ta ɓangaren Kurfi yaran Rabe ne suka zo bakin ƙofa, ta ɓangaren Dutsin-Ma kuma ƙungiyar Karofi. Malam Ja'afar, wanda shi ne sakataren kwamitin gasar, ya hawo babur har ƙofar gidan Rabe, bakinsa har kunne.

"Koci, wasan cike gurbi za mu yi maku," in ji shi. "Irin na duniya. Ka san yadda ƙasa daga wata nahiya ka haɗuwa da ta wata nahiya don kujera ta ƙarshe a gasar cin kofin duniya? To haka. Gida da waje. Kuma ƙuri'a ta hwaɗa kanku, a hilinka za a fara."

Rabe ya ce ya sake faɗa. Ya sake. Dattijo mai furfura a gemu, sai ga shi ya juya baya yana gyara zaman rediyo a kan taga, don kada abokinsa ya ga idonsa. Kofin bai dame shi ba. Abin da yake so kafin ya mutu shi ne ya ga baƙi sun sauka daga mota da riguna iri ɗaya, alƙalin wasa da tufafinsa ya tsaya a kan tokar da ya zana, mutanen garinsu sun kewaye gonar mahaifinsa suna ihu.

Aka ce bayan azumi. Aka sha ruwa, aka yi Sallah, aka ce shugaban kwamiti ya yi tafiya. Ya dawo, aka ce rigunan Karofi ba su iso ba. Kwamiti dai kamar kowane kwamiti, zama ya fi aiki yawa. Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas, a makon farko na Yuni ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Da gari ya waye kowa ya fita da sungumi da ƙwaryar iri. Samari suka taru a bakin fili suna jiran a ce su cire turaku. Rabe ya zo yana jan ƙafa, ya dubi ƙasa, ya dubi turakun, ya ce a bar su.

Batula ba ta bari ya gama cire takalmi ba.

"Malam, mi nike ji? Gonar daji shekara biyu ba mai iya zuwa saboda ɓarayin daji, kai ka sani. Wagga ɗaya ta rage mamu. Ka leƙa rumbu kuwa?"

"Mako ɗaya ne, Batula, ko biyu. In gero ya wuce, dawa na nan."

"In dawa ta wuce fa? Tokar za mu tuƙa?"

"Ja'afar ya ba ni magana."

Batula ta ɗauki ƙwaryar irin geron da ta riga ta fitar ta mayar ɗaki.

A tsakiyar watan kwamiti ya kira zama a Kurfi. Sanyin damina ya kumbura gwiwar Rabe, sai ya tura Kamilu a madadinsa, ya ce duk abin da ya faɗa shi ya faɗa. Da la'asar Kamilu ya dawo, ya durƙusa a bakin zaure ya ce an sa rana, Asabar ta farkon Yuli, kuma wannan karon ba ɗagawa. Rabe ya yi hamdala, ya sa masa albarka. Bai tambaya a ina ba. Me zai sa ya tambaya? Kamilu ya ɗan jima a durƙushe yana wasa da makullin babur, sannan ya ce bari ya je ya yi sallah.

Kwana biyu bayan haka aka sake yin ruwa mai kyau. Maƙwabcinsa na gona ya tsayar da shanunsa a kan iyaka ya ce, "Rabe, dawa har yanzu tana kamawa. Ka ce in shiga, kafin azahar na gama maka." Rabe ya yi godiya ya ce a bari. Ranar bai ci abincin kirki ba, don shi ma manomi ne, ya san ƙamshin ƙasar da ke neman iri. Amma ya riga ya sa rai.

Fili da damina ba ya zama fili sai da wahala. Ciyawa ta taso, ruwa ya yi ta wanke layi. Kullum da yamma samari za su zo atisaye, su taya shi cire ciyawa, su cike rami, su ɗauko masa buhun toka daga cikin gari. Bai taɓa ganin sun yi aiki da himma irin ta kwanakin nan ba, ba musu ba wasa, ba mai ɗaga kai. Har ya gaya wa Batula cewa yaran nan sun yi hankali. Malam Ja'afar kuwa, wanda a da kowace Juma'a yana zaure suna sauraron labarin wasanni, ɗif ya ɗauke ƙafa. Rabe ya ce aikin kwamiti ne ya yi masa yawa.

Saura kwana biyu, ranar Alhamis, ya tafi dam ɗin Zobe karɓo raga. Wani masunci, Talha, ya yi masa alkawarin tsohuwar komar da ya daina amfani da ita, don baƙi kada su zo su tarar da turaku tsirara. Ya karɓo, ya naɗe ta a buhu, ya tsaya tashar Dutsin-Ma yana jiran mota ta cika. A jikin shagon mai cajin waya sai ya hango fuskar da ya sani.

Kamilu ne, a takardar sanarwa mai launi, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kyaftin ɗin Karofi na gefensa. Rabe ya matsa yana murmushi, ya bi rubutun da yatsa, don karatun bokonsa sai a hankali. Wasan cike gurbi. Ɗantutture da Karofi. Wasa ɗaya tak. Asabar, ƙarfe uku. Sai layin ƙarshe, wanda ya karanta sau uku: a filin wata makaranta, cikin garin Dutsin-Ma.

Ba rubutun ne ya kashe masa jiki ba. Takardar ce. Ruwa ya dake ta har launin ya koɗe, kusurwa ɗaya ta ɓalle tana lilo. Ya tambayi mai shagon yaushe aka manna ta. Mutumin ya ce ai ta fi kwana goma, Baba, ko kana son zuwa ne?

Bai wuce gida ba, a Kurfi ya sauka. Ya sami Malam Ja'afar a ƙofar gida yana duba takardun jarrabawa. Da ya ga Rabe da buhu a kafaɗa, sai ya miƙe da sauri har biro ya faɗi, ya shiga jero gaisuwa kamar wanda ake kora.

"Ja'afar, a ina za a buga wasan?"

"Wato, Koci, ka zauna tukuna. Ka san duniya ta canza. Su kansu masu ƙwallon duniya sun bar gida da waje. Ba ka ji na watan nan ba? Ostireliya da Peru, wasa ɗaya suka yi a Ƙatar, ba gidan kowa ba. Shi ne kwamiti ya ga ya dace mu ma mu bi tsari."

"Ostireliya ta bar gonarta ba shuka?"

Malam Ja'afar ya sunkuya ya ɗauki biron da ya faɗi.

"Yaushe kuka yanke?"

"Ranar zaman nan. Ƙuri'a aka kaɗa. Wallahi na ɗauka Kamilu ya hwaɗa maka, ai ɗanka ne. Ni kuma, Rabe, shekara hamsin muna tare, da wane baki zan zo in ce maka..."

"Da bakin da ka zo ka ce a hilina za a fara."

Ya saɓa buhunsa ya tafi. Malam Ja'afar ya biyo shi har bakin titi yana cewa ya tsaya ya sha ruwa.

Ya iso gari bayan la'asar, ya tarar da su a fili su goma sha takwas, wasu na gudu, wasu na tsugune suna cire ciyawa a gaban turaku. Ciyawar filin da sun san ba za a buga komai a kansa ba. Ya ajiye buhun a tsakiyar da'irar da ya zana da hannunsa, ya kira Kamilu. Daga yadda ya kira sunan kowa ya gane.

"Ka ɗaga hannu a zaman?"

Kamilu ya durƙusa. "Kawu, na ɗaga. An ce akwai mai ɗaukar 'yan wasa da zai zo daga Katsina, kuma ba zai shigo nan da damina ba. Yaran nan ba su taɓa samun wanda zai gan su ba."

"Wannan magana ce. Da ka zo da ita ran nan, da na yi faɗa, na yi zagi, in kwana in huce. Da safe in sa shanu su shiga. Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Nauyinka na ji, Kawu. Na zo zan hwaɗa, sai ka sa mani albarka. Na ce Malam Ja'afar zai zo, ai shi ne babba. Kullum sai in ce gobe."

Rabe ya juya ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda bai koya wa ɗaure takalmi ba a cikinsu. "Ku fa? Duk kun sani?"

Ba wanda ya ɗago.

Abin da ya ƙona masa rai ke nan, kuma har yau in aka taɓo zancen sai muryarsa ta canza. Ba wanda ya ƙi shi a cikinsu. Ladabi suka yi masa. Babba ba a tarar sa da mummunan labari, yaro ba ya kunyata kawunsa, aboki ba ya son ganin fuskar abokinsa ta faɗi. Kowa ya ja baki ya bar wa wani, kowa ya biya da ɗaukar buhun toka don zuciyarsa ta yi sanyi. Mutum goma sha tara suka tsaya suna kallo ruwan dawa ya zo ya wuce, saboda tsabar girmamawa. Da maƙiyi ne ya yi masa haka, da ya san inda zai ajiye abin. Wannan cin amana ne da aka yi masa a durƙushe.

Bai yi zagi ba. Ya ce su je su huta, jibi suna da wasa.

A gida ya zauna a bakin rumbu ya faɗa wa Batula komai. Ya shirya wa faɗa, ya ma fi son ta yi. Ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta jima tana motsa tukwane, ta fito da ƙullin irin wake a tsohon zane ta ajiye a gabansa.

"Shi kaɗai zai kama yanzu," ta ce. "Ba zai kai mu rani ba, amma ya fi toka."

Ranar Asabar da hantsi motar haya ta tsaya a bakin gari, babura sun fi talatin a bayanta. Kamilu ya zo da sabuwar riga, ya ce an bar masa kujerar gaba, ba za su tashi ba sai da shi. Rabe ya ce gwiwa ta hana. Kamilu ya ce za su ɗauke shi. Rabe ya ce, "Ku tahi, kada ku makara. Ka riƙa kula da hagunka, nan suke shigowa." Sai da ƙarar babura ta ɓace sannan ya fito.

Shi kaɗai ya cire turakun. Damina ta riƙe su gam, sai da ya yi ta girgizawa yana hutawa. Ya ja su ɗaya-ɗaya zuwa bayan rumbu. Shanun huɗa duk sun tafi noman wasu, don haka a kan ƙasar da ƙafafu suka daddaɓe ya fara sara da sungumi, Batula na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Layin tokar nan da ya sha wahalar miƙewa, shi suka bi ya zame musu layin shuka. Ba su yi magana ba sai sau ɗaya, da ta ce ya rage faɗin taku.

Dab da magariba suka jiyo su tun daga nesa, ana ta hon, ana kiɗa jarka. Sun ci. Biyu da ɗaya, Kamilu ne ya zura ta biyun. Karon farko a tarihin garin yaran Rabe sun shiga gasa ta gaske. Motar ba ta gama tsayawa ba suka diro, suka nufo filin da gudu kamar yadda suka saba tun suna yara, suna kiran Koci, Koci, za su ɗaga shi sama.

Rabe ya laluba wuyansa ya hura usur, sau ɗaya, da ƙarfi.

Cak suka tsaya a bakin layi, don shekara da shekaru haka ya koya musu. Sai a lokacin suka lura ba turaku. Suka ga ramukan sungumi a jere, suka ga Batula da ƙwarya a hannu.

"Kawu," in ji Kamilu, yana haki, "mun ci."

"Na ji. Allah ya sanya alheri." Rabe ya nuna musu iyakar gonar da kan sungumi. "Ku zagaya ta gefe. An yi shuka."

Suka zagaya, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya koma inda ya tsaya, saura layi huɗu kafin a kira sallah.